Yadda na mayar da sunana kan takardun fili, da kuɗin da abin ya ci

Filin da na saya a gefen Kumbotso ɗan ƙarami ne, taku hamsin da hamsin. A lokacin na ɗauka da na biya kuɗi, mai unguwa ya sa hannu, magana ta ƙare. Ashe tafiyar ce ta fara.

Kafin ka ba da ko sisi, ka tambayi dillali: filin awon gwamnati ne ko awon igiya, wato wanda mutane suka yanka da kansu ba hukuma ba? Idan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamna, ka karɓi kwafinta da lambar fayil, ka kai KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a jihar Kano, a bincika maka. A Kaduna KADGIS ne, a Abuja AGIS. Nan za ka ga ko sunan mai sayarwa ne a fayil, ko an jinginar da filin a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa da aka tara. Idan awon igiya ne, shaidarka tana wurin mai unguwa da dagaci da maƙwabtan iyaka. Ka je da ƙafarka ranar da ba dillali, ka gaishe su, ka tambaya. Ka kuma tabbatar hanya ko shirin gwamnati bai bi ta kansa ba.

Inda na so ka fi tsayawa shi ne filin gado. Nawa na gado ne. Babban ɗa ya sa hannu, ƙannensa maza biyu suka shaida, aka yi addu'a aka watse. Bayan wata uku, na sauke yashi da bulo, sai ga wata baiwar Allah da goyo a bayanta ta tsaya a bakin filin. Ta ce, "Malam, wa ya sayar maka da rabona?" Ƙanwarsu ce da ke aure a wani gari, ba wanda ya sanar da ita. Kuma gaskiyarta ce. A mazhabar Malikiyya ma, wanda ke da tarayya a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason da aka sayar. Sai da muka zauna gaban dagaci sau biyu, 'yan'uwanta suka ba ta kasonta, sannan ta sa hannu. Don haka ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gabanka.

Daga nan sai lauya. Shi zai rubuta yarjejeniyar miƙa mallaka, da sunaye da iyakoki da farashi. Ka kira safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, kada ka dogara da turken da aka nuna maka.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Sashe na 22 ya ce ba a miƙa fili mai takardar gwamna sai da amincewarsa, kuma a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da ita ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda kuɗi, su ajiye takarda da sunan wani shekara da shekaru. Ni ban yarda da hakan ba, domin ranar da mai sunan ya rasu, da magadansa za ka yi.

Kuɗin kuwa kashi-kashi yake zuwa: la'adar dillali, wadda bisa al'ada kashi biyar ce cikin ɗari, kuɗin bincike, na safiyo, na lauya, na neman amincewa, harajin hatimi da na rajista. Gwamnati da ƙimar da jami'anta suka yi wa filin take lissafi, ko da ka saya ƙasa da haka. Ka yi ciniki da lauya tun farko, ya rubuta maka abin da ke nasa da abin da ke na hukuma daban-daban. Kuɗin hukuma ka biya a banki ka riƙe rasit, kuɗin filin ma ta banki ka tura, da sunan mai shi, ba na dillali ba.

Takarduna yanzu suna cikin leda a ƙasan akwati, kwafi ɗaya yana wurin yayana, ɗaya kuma na ɗauka a waya.