Yadda za ka gano abin da ya ƙona fiyus a tsohuwar rediyonka mai amfilifaya

Gidajen Hausawa da dama a Makka da Jidda ba sa rasa tsohuwar rediyon nan mai nauyi, mai fuskar azurfa da allura mai yawo a kan lambobin tasha, irin su Pioneer da Sansui da Kenwood da Technics, ƙirar Japan ta shekarun 1970 zuwa 1980. Wasu gadon iyaye ne, wasu a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda, aka tsinto su. Idan irin wannan rediyo ta mutu murus, ka danna maɓalli ba fitila ba motsi, sau da yawa fiyus ne ya ƙone. To amma fiyus ba ya ƙonewa haka siddan. An sa shi ne don ya yanke wuta idan ta wuce ƙima, ya tsare kayan ciki masu tsada. Wanda ya sa sabo bai binciki abin da ya kashe tsohon ba, zai iya ƙona abin da ya fi fiyus daraja nesa ba kusa ba.

Kafin komai, zare fulogi daga bango. Kashe maɓalli kawai bai isa ba. Ka kuma sani akwai manyan kafasita a ciki, masu kama da gwangwani, da ke riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, a manyan rediyoyi har sama da bolt 50. Ka ba ta 'yan mintuna, ka cire zobe da agogon ƙarfe, kada ka bar yara kusa.

Ka fara da abin da ba ya buƙatar sukudireba. Gwada soket ɗin da fanka ko cajar waya. Idan fulogin mai baki uku ne irin na Ingila, wanda shi ne ƙa'ida a Saudiyya yanzu, akwai ƙaramin fiyus a cikinsa, mai amfiya 3 ko 5 ko 13. Duba shi tukuna.

Sai kuma abin da ya fi kashe rediyoyi a ƙasar nan, wato ƙarfin wutar gida. Saudiyya ta daɗe tana da wuta iri biyu, bolt 127 da bolt 220, wani lokaci a cikin ɗaki ɗaya, soket biyun kuma kamarsu ɗaya. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230 sannu a hankali, shi ya sa sababbin gidaje ba su da 127. Iyalai da yawa da suka tashi daga tsofaffin unguwannin Jidda lokacin rushe-rushen 2021 da 2022 sun koma gidaje masu irin wannan wutar. Rediyon da ta shekara talatin tana shan 127 lafiya, aka kawo ta sabon gida aka jona, nan take za ka ji ƙas, shi ke nan.

Juya bayanta ka duba. Yawancin waɗanda aka ƙera don kasuwannin waje suna da wani ɗan maɓalli ko murɗi mai rubutu 110V, 120V, 220V, 240V. Idan yana kan 110 ko 120 alhali soket ɗinka 220 ne ko 230, ka gano mai laifi. Mayar da shi 220 ko 240. Amma a nan mutane ke mantuwa da abu ɗaya: idan ƙarfin wuta ya ninka, amfiyar da rediyo ke ja tana raguwa da kusan rabi, don haka fiyus ɗin da ya dace da 220 ya fi na 110 ƙanƙanta da kusan rabi. Galibi an rubuta lambobin biyu a jikin bayan, kusa da gidan fiyus. Idan kuwa ba murɗi sam, rubutun ya ce 120V kaɗai, wannan ta kasuwar Amurka ce, ba ta da magani sai muhawwil, taransifomar da ke rage wuta, wadda wat ɗinta ya zarce abin da aka rubuta a bayan rediyon.

Yanzu nemo fiyus ɗin. A wasu yana baya cikin baƙin murfi da ake murɗewa, a wasu sai ka kwance saman akwatin, za ka gan shi kusa da inda wayar wuta ta shigo. Kada ka yi mamaki idan ka tarar da uku ko huɗu: ɗaya na babbar wuta, wasu na fitilun fuska, wasu na lasifika. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire ko ɗaya.

Ɗaga shi ga haske. Idan gilashin garau yake, siririyar wayar ciki ce kawai ta tsinke, mai yiwuwa tsufa ne ko wuta ta ɗan yi yawa. Idan gilashin ya yi baƙi ko ƙarfe ya narke ya fantsama a ciki, wuta mai yawan gaske ce ta bi ta kansa, akwai inda ta haɗe a ciki. Ido yana ruɗi, musamman a fiyus mai jikin farar ƙasa da ba a ganin cikinsa, don haka sa mita, wato na'urar auna wuta, a ma'aunin da ke ƙara idan hanya ta haɗu, ka taɓa bakinsa biyu. Ƙara na nufin yana da rai.

Karanta rubutun da ke jikin hularsa ta ƙarfe. Za ka ga irin T2A 250V. Harafin T na nufin mai jinkirin ƙonewa, wanda ke jure fizgar wutar da taransifoma ke yi lokacin kunnawa. Harafin F mai saurin ƙonewa ne. Idan ka sa F a gurbin T, zai riƙa ƙonewa ko da rediyon lafiyarta lau. Girma ma iri biyu ne aka fi samu, mai kaurin milimita 5 da tsawon 20, sai kuma mai kaurin 6.3 da tsawon 32. Tafi da tsohon shagon kayan kahraba, wato lantarki, ka sayo irinsa sak, uku ko huɗu. Ka kwatanta lambar da abin da aka buga a jikin rediyon, don mai yiwuwa wani ya taɓa sa wanda bai dace ba tun kafin ta zo hannunka.

Don Allah kada ka naɗe fiyus da takardar azurfa ta kwalin sigari, kada ka ɗaura waya a gurbinsa, kada ka sa mai amfiya 10 don ya daina damunka. Ta haka taransifoma ke ƙonewa, samun irinta kuwa a yau sai an sha wuya, kuma ta haka gobara ke tashi a ɗakin da mutane ke barci.

Kafin ka kunna, cire wayoyin lasifika duka. Duba ko wani silin waya ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa, domin wannan kaɗai ya isa ya ƙona fiyus. Ka kuma lissafa lasifikan da aka jibga mata. A lokacin biki ko walima an saba haɗa huɗu ko fiye, alhali biyu masu om 4 (lambar da aka rubuta a jikin lasifika) idan aka jona wayoyinsu duka a baki ɗaya suna komawa om 2, nauyin da yawancin waɗannan rediyoyi ba za su ɗauka ba. Share ƙurar da ta toshe ramukan iska, don zafin Makka kaɗai ya ishe ta.

Dabarar da na fi so kowa ya koya ita ce ta ƙwan fitila. Sami tsohon ƙwai mai zare a ciki, wat 60 zuwa 100, mai ƙarfin wutar gidanka. Na zamani mai LED ba zai yi ba. Ana haɗa shi a kan waya mai wuta, ta yadda wuta sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa rediyo. Idan ba ka saba da haɗa waya ba, mai gyaran wuta zai haɗa maka cikin ɗan lokaci. Sa sabon fiyus, rage murya zuwa ƙasa, ka kunna. Idan ƙwan ya haska da ƙarfi sannan ya dushe, kafasita ne suka cika, alama ce mai kyau. Idan ya tsaya da haske tar, kashe nan take. Ƙwan ya shanye wutar da za ta yi ɓarna, ya kuma gaya maka matsalar tana ciki.

Idan ya dushe, saura gwaji ɗaya. Sa mita a ma'aunin DC, wato wuta irin ta batir, ka auna bakin da ake jona lasifika. Ƙasa da milibolt 50, wato bolt 0.05, ba damuwa. Idan ka ga bolt ɗaya ko fiye, kada ka jona lasifika, za ta iya ƙonewa.

Idan kuwa ƙwan ya ƙi dushewa, waɗanda ake zargi su ne dayod ɗin da ke mayar da wuta DC, da manyan taransisto da ke manne da ƙarfen sanyaya, da kafasitan da suka kumbura ko suka zubar da ruwa, sai taransifoma a ƙarshe, wadda warin ƙuna ke tona mata asiri. A nan shawarata ka tsaya, sai fa in ka iya aiki da dalma. Taransiston da ya mutu yakan tafi da wasu ƙananan kaya a kusa da shi, wanda ya canza shi kaɗai sai sabon ya sake ƙonewa. Kai ta wurin mai gyara tare da ƙonannen fiyus ɗin, ka gaya masa wutar da aka jona ta a kai, da lasifika nawa ke jikinta, da yadda ƙwan fitila ya yi da ka kunna.