Yadda Za Ka Fahimci Barkwancin Birtaniya, Daga Mr. Bean Zuwa Gidan Rediyo

Mutane da yawa sun shiga barkwancin Birtaniya ta ƙofar Mr. Bean, suka sha dariya, sannan suka buɗe wani shiri na gaba suka tarar Turawa na ta ƙyaƙyatawa su kuwa ko murmushi ba su yi ba. Ba ƙarancin Turanci ba ne kaɗai ke jawo haka. Wanda ya yi digiri da Turanci ma yana iya zama gaban shirin barkwanci na Monty Python minti talatin ya tashi yana tambayar me aka yi. Matsalar ita ce tsallake mataki. Shirye-shiryen nan suna da hawa-hawa: akwai wanda dariyarsa ke cikin motsin jiki, akwai wanda take cikin halin mutum, akwai kuma wanda take cikin kalma zalla. Idan ka bi su a jere, kunnenka zai saba.

Kafin komai, riƙe abu uku da kusan duk shirin ke tsaye a kansu. Na farko gatse: mutum ya faɗi kishiyar abin da yake nufi, fuskarsa a murtuke, ba ya ko ƙifta ido. Bahaushe ya san wannan, domin uwar da ta ce wa ɗanta "ci gaba da wasa da wuƙar, ka kyauta" ba izini ta ba shi ba. Na biyu matsayi: a Ingila yadda mutum ke furta kalma yana nuna gidan da ya fito da makarantar da ya yi, kuma rabin dariyar tana kan wanda ke ƙoƙarin hawa matsayin da ba nasa ba. Na uku kunya. Jarumin shirin Birtaniya ba ya cin nasara. Yana ƙulla dabara, dabarar ta watse a gaban jama'a, mako mai zuwa ya sake ƙulla wata.

Fara da wanda ba ya buƙatar kunne

Mr. Bean ya fara fita a tashar ITV ranar 1 ga Janairu 1990, kuma duk da yadda ya cika duniya, kashi 15 ne kawai aka yi. Ko ka taɓa gani, sake kallon kashi na farko da idon mai nazari. A zauren jarrabawa Rowan Atkinson, wanda ya fito a matsayin Mr. Bean, ya zaro takardar tambaya ya ga ba ɓangaren lissafin da ya karanta ba ne. Dubi yadda yake matsawa kusa da maƙwabcinsa kaɗan-kaɗan don ya leƙa amsa, yana yi yana nuna kamar ba komai. Abin dariyar yana cikin ƙoƙarin kare mutunci a lokacin da mutuncin ya riga ya zube. Wannan shi ne zaren da za ka riƙa gani har ƙarshe.

Daga nan wuce zuwa Some Mothers Do 'Ave 'Em na BBC, wanda aka yi tsakanin 1973 da 1978, inda Michael Crawford ya fito a matsayin Frank Spencer, mutumin da duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Maganar ciki mai sauƙi ce. Da shi da Mind Your Language na cikin shirye-shiryen da 'yan Najeriya da yawa suka gani a talabijin suna yara. Mind Your Language, wanda ya fara a 1977, labarin ajin yamma ne inda baƙi ke koyon Turanci, don haka ana magana a hankali kuma yana da daɗin bi. Sai dai dariyarsa ta dogara ne kan zolayar ƙabilu, abin da ya sa aka dakatar da shi a 1979, kuma a Birtaniyar yau ba a ɗaukarsa da daraja. Kalle shi don saba kunne, kada ka auna sauran da shi.

Mataki na biyu: halin mutum

Nan ne ainihin kasuwar take, kuma nan ya kamata ka daɗe.

Keeping Up Appearances, daga 1990 zuwa 1995, shi ne mafi sauƙin shiga. Patricia Routledge ta fito a matsayin Hyacinth Bucket, mace mai ƙaryar arziki. Sunan gidan mijinta yana nufin bokiti, ita kuwa ta dage sai a furta shi da salon Faransa yadda zai yi kama da damin furanni. Danginta talakawa ne, kullum tana ɓoye su daga maƙwabta, kullum kuma sai sun faɗo da tsohuwar motarsu daidai lokacin da take karɓar manyan baƙi. Duk wanda ya taɓa zama a unguwa ya san irin wannan mata, ba sai an yi masa fassara ba.

Sai Fawlty Towers. Kashi 12 ne rak, shida a 1975, shida a 1979, John Cleese da Connie Booth suka rubuta. Basil Fawlty yana da ƙaramin otal a garin Torquay na bakin teku, ya tsani baƙinsa, yana tsoron matarsa Sybil, yana huce haushinsa kan Manuel, ma'aikaci daga Basalona wanda Turancinsa bai nuna ba. Yadda ake kallonsa daban ne da na Mr. Bean: kada ka tsallake mintuna goma na farko ko da ka ga ba dariya. A nan ake binne tarkuna. Basil zai yi ƙaramar ƙarya, ƙaryar ta buƙaci wata ta rufe ta, kafin minti na ashirin da biyar sun zama biyar duk suna neman fashewa lokaci guda. Wanda ya ga guntun bidiyon da Basil ke zane motarsa da reshen bishiya zai yi dariya. Wanda ya kalli kashin tun daga farko, ya ga yadda daren cin abincin manya ya riƙa rushewa ɗaya bayan ɗaya har motar ta mutu a hanya da abinci a ciki, shi zai riƙe ciki. Shi ya sa guntayen bidiyo na minti biyu suke cutar wannan shirin.

Only Fools and Horses, na John Sullivan, ya fara a 1981 ya ƙare a 2003. David Jason ne Del Boy, ɗan buga-buga a unguwar Peckham ta kudancin Landan, yana sayar da kayan da ba a tambayar asalinsu, yana yi wa ƙaninsa Rodney alkawarin baɗi war haka sun zama miloniyoyi. Kashin ƙarshe na Kirsimetin 1996 ya sami masu kallo sama da miliyan 24. Wahalarsa karin harshe ne: Turancin talakawan Landan, ana haɗiye haruffa, ana amfani da zaurance. Ga kuma tarko: Del yana jefa kalmomin Faransanci a inda ba su dace ba don a ce ya waye. Mai kallo daga Maradi ko Damagaram zai riga na Kano gane wannan. Kashi na farko-farko suna da ɗan sanyi, sai an ɗan yi nisa shirin ke kama ƙasa, don haka kada ka yanke masa hukunci da wuri.

Mataki na uku: inda kalma ce makami

Yes Minister, daga 1980 zuwa 1984, da ci gabansa Yes, Prime Minister daga 1986 zuwa 1988, su ne suka fi kusa da mai kallo ɗan Najeriya, saboda tsarin aikin gwamnatin da muka gada na Birtaniya ne: minista ɗan siyasa mai zuwa ya wuce, babban sakatare ma'aikaci mai zama daram. Paul Eddington ne minista Jim Hacker, Nigel Hawthorne ne Sir Humphrey, babban sakataren da ya ƙware wajen hana komai motsi cikin ladabi. Idan yana son kashe wani ƙuduri ba ya cewa bai dace ba. Sai ya yaba wa ministan da cewa wannan mataki ne na jarumta, nan take ministan ya firgita, don ya gane ana nufin zai faɗi zaɓe. Idan Sir Humphrey ya fara doguwar jimla mai rassa, kada ka tsayar da bidiyo kana neman ma'anar kowace kalma. An gina jimlar ne don kada a gane ta. Jira tambayar da ministan zai yi bayanta, amsar takan zama "e" ko "a'a".

Blackadder kuma Rowan Atkinson ne, amma mai kaifin baki, kishiyar Mr. Bean. Zango huɗu ne daga 1983 zuwa 1989, kowanne a wani zamani na tarihin Ingila. Tsallake na farko, fara da na biyu na zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, lokacin da Ben Elton ya shiga rubutu tare da Richard Curtis. Zango na huɗu yana cikin ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, kuma mintunansa na ƙarshe ba na dariya ba ne, ka shirya.

Monty Python's Flying Circus, 1969 zuwa 1974, a bar shi ƙarshe. Guntayen wasanni ne marasa kai da gindi, da gangan, sau da yawa ba su da ƙarshe ma. Haka The Office na Ricky Gervais da Stephen Merchant, wanda ya fara a 2001: babu dariyar 'yan kallo a ciki da za ta nuna maka inda abin yake, sai shiru mai nauyi bayan manaja David Brent ya yi katoɓara. Shirun shi ne barkwancin.

Rediyo

Yawancin wannan al'ada daga rediyon BBC ta taso. The Goon Show na Spike Milligan da Peter Sellers da Harry Secombe ya yi tashe daga 1951 zuwa 1960, amma muryoyinsa na shaƙiyanci da tsohuwar ɗaukar sauti suna wahalar da sabon kunne. Fara da Just a Minute, wanda ke tafiya tun 1967. Dokarsa ɗaya ce: a ba mutum maudu'i ya yi magana daƙiƙa 60 ba tare da inda-inda ba, ba maimaita kalma, ba kauce wa batu. Mutum huɗu ne. Wanda ya kama kuskure ya danna ƙararrawa, idan alƙali ya yarda sai ya sami maki ya karɓi sauran daƙiƙun, wanda kuma usur ya same shi yana magana ya sami maki. Nicholas Parsons ya jagoranci shirin sama da shekara 50, yanzu Sue Perkins ce. Da yake kowa na kaffa-kaffa da kalmominsa, maganar tana fita tsaf. Wasan ma yana yiwuwa da Hausa a zaure, agogon waya kawai ake bukata.

Tashar Radio 4 ta BBC tana sa barkwanci da ƙarfe 6:30 na yamma agogon Birtaniya a ranakun aiki. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar. Sauran watanni sai ka ƙara awa ɗaya, wato 7:30. A Gana abin juyawa yake: 5:30 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, 6:30 a sauran watanni. Shirin Juma'a, irin su The News Quiz, kan labaran mako yake, don haka idan ba ka bin siyasar Birtaniya zai wuce ka.

Kayan aiki da abin da ke ɓata kallo

BBC iPlayer, dandalin kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, na mazauna Birtaniya ne kawai, kada ka ɓata data a kansa. A YouTube akwai tashar Mr. Bean ta hukuma da BBC Comedy Greats, sai dai galibi guntaye ne. Shirin Juma'a na Radio 4 yana fita a manhajojin fodkas da sunan Friday Night Comedy. Sauti na rabin awa ba ya cika wuce megabait 30, bidiyo kuwa yana ninka haka sau da yawa, don haka sauke ingancinsa zuwa 360p, tsofaffin shirye-shiryen nan ba su da wani kyan hoto da za ka rasa.

Kunna rubutun ƙasan allo na Turanci, amma duba ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Na na'ura yana rikicewa da karin Landan da kuma inda dariyar 'yan kallo ta rufe magana, sai ya rubuta maka abin da ba a faɗa ba. Idan magana ta yi sauri, rage gudun bidiyo zuwa 0.75, amma ka sake kallon wurin a gudunsa na asali, domin barkwanci lokaci ne, jan sa yana kashe shi. Kashi ɗaya a zama ɗaya ya isa, kallo na farko don labari, na biyu don maganganun da suka wuce ka.

Idan da iyali za a kalla, duba alamar shekaru a jikin faifai ko shafin: U da PG na kowa ne, 12 da 15 da 18 suna nuna mafi ƙarancin shekarun mai kallo. Mr. Bean da Yes Minister ba su da matsala sosai. Monty Python yana da tsiraici jefi-jefi da ba'a ga addini, The Office yana da maganganun batsa, sannan kashin Fawlty Towers mai suna The Germans yana da kalaman wariyar launin fata daga bakin wani tsohon soja, har wata kafar kallo ta cire shi na ɗan lokaci a 2020 kafin ta mayar da shi da gargaɗi a gaba. Irin waɗannan ka fara kallo kai kaɗai kafin ka kunna a falo.