Yadda Ake Samun Aikin Zane da Bidiyo a Kamfanin Fasaha

Matasa da yawa a Kano, Kaduna da Zariya sun ƙware wajen haɗa katin biki da fostar 'yan takara, wasu har bidiyon tallar shago suke yi a waya, kuma ya fito tsaf. Sai dai idan suka tura takardar neman aiki zuwa kamfanin fasaha, shiru kake ji. Kamfanoni irin Paystack, Flutterwave da Moniepoint suna ɗaukar masu zane ne domin su sauƙaƙa wa mutum amfani da manhaja, ya biya kuɗi ko ya tura saƙo ba tare da ya rikice ba. Kyau na biye da wannan. Ga yadda ake bi a isa can.

Mataki na ɗaya: zaɓi layinka

Aikin ya kasu gida uku manya. Akwai zanen manhaja, wanda a tallar aiki za ka ga an rubuta UI/UX, wato tsara fuskar manhaja da hanyar da mai amfani zai bi cikinta. Akwai zanen tambari da talla, masu kula da kalar kamfani, alamarsa da hotunan da yake sakawa a Instagram. Sai masu bidiyo da zane mai motsi. Ka ɗauki ɗaya ka zurfafa. Wanda ya ce ya iya duka ukun tun farko, yawanci ba a yarda da shi a ko ɗaya.

Mataki na biyu: kayan aiki

Mai zanen manhaja Figma yake buƙata. Ta fito ga jama'a a 2016, tana aiki a burawuza, kuma tana da tsarin kyauta da ya ishi mai koyo.  Mai tambari ya koyi Illustrator da Photoshop, idan kuɗin biyan wata ya yi nauyi ya fara da na kyauta, wato Inkscape da GIMP. Mai bidiyo kuma Premiere Pro da After Effects, ko DaVinci Resolve mai sigar kyauta. Canva ba laifi don somawa, amma kada ka tsaya a kanta. Kwamfuta mai RAM 8GB za ta ɗauki Figma, bidiyo kam ya fi son 16GB.

Mataki na uku: koyi tushe

Google ya buɗe kwas ɗin zanen UX a Coursera, shafin karatu ta intanet, a 2021, kuma ana iya neman tallafin kuɗin karatu a shafin. A Najeriya, shirin koyar da fasaha na 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ya haɗa da UI/UX. Ko ta ina ka shiga, abin da za ka riƙe shi ne tazara tsakanin abubuwa, girman rubutu, da abin da ido zai fara sauka a kai. Akwai ƙa'idar duniya mai suna WCAG da ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 zuwa 1. Rubutu ruwan toka a kan fari na iya burge ka a ɗaki, a rana kuwa ɓacewa yake yi.

Mataki na huɗu: haɗa kundin ayyuka

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Mai ɗaukar aiki ba ya son hotuna hamsin marasa bayani. Ayyuka uku sun isa, in dai kowanne ya nuna matsalar da ka tarar, abin da ka gwada, abin da ya ƙi, da inda ka tsaya.

Ba sai wani ya ba ka kwangila ba. Je Kantin Kwari ko kasuwar garinku, ka nemi izinin mai POS ka zauna kusa da shi na awa ɗaya. Duba yadda yake kare allon na'urar da tafin hannu saboda rana. Duba dattijon da ya miƙo kati yana cewa “yaro, duba mini, ya shiga?” domin saƙon da ya fito da Turanci ne, rubutun kuma ƙanana. Lura da abin da ke faruwa idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, an cire kuɗi a asusu amma rasit bai fito ba, layi ya fara guna-guni. Koma gida ka zana yadda allon ya kamata ya kasance: babbar alama koriya idan kuɗi ya shiga, adadin kuɗin da manyan lambobi, da saƙo ɗaya bayyananne idan ciniki ya maƙale. Fara da biro da takarda, ka ɗauki hotonsu, su ma suna shiga kundi. Sannan ka zana shi a Figma, ka mayar wa mai POS ɗin ya gwada a wayarka, ka rubuta inda yatsansa ya yi kuskure.

A ganina wannan ita ce ribar da mai zane daga Arewa yake da ita. Kamfanonin kuɗi da ke Legas suna da ɗimbin abokan hulɗa a garuruwanmu, kai kuma ka san su, kana jin yarensu. Ƙaramin misali: salon rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa. Noto Sans na Google yana da su. Idan ka nuna a kundinka cewa ka gwada wannan kafin ka zaɓi salo, mai duba aikin zai gane kai mai lura ne.

Mai bidiyo ma haka. Yi tallar daƙiƙa 30 a tsaye, irin ta waya, da rubutu a ƙasa, tunda mutane da yawa suna kallo ba sauti. Ka bayyana dalilin da ya sa ka yanke inda ka yanke.

Mataki na biyar: fito da aikin fili

Saka kundin a Behance, shafin da masu zane ke baje ayyukansu, ka buɗe LinkedIn da sunanka na gaskiya, hanyar shiga kundin ta kasance a sama. Bayanin ayyukan ka rubuta shi da Turanci mai sauƙi, domin da shi ake aiki a waɗannan kamfanoni, kuma idan naka na da rauni ka gyara shi tare da koyon zanen. Wuraren haɗuwar masu fasaha irin CoLab a Kaduna suna da amfani, sau da yawa labarin gurbi daga bakin mutum yake fitowa kafin a tallata shi.

Mataki na shida: ganawar ɗaukar aiki

Za a ce ka buɗe aiki ɗaya ka yi bayaninsa. Tambayar da ba ta wuce kowa ita ce “me ya sa ka yi haka?” Amsar “ya fi kyau” ba ta kai ka ko'ina. Ka ce na gwada da mutum biyar, uku sun kasa ganin maɓallin, shi ya sa na sauko da shi ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa. Za su soki aikin da gangan don su ga yadda kake karɓar gyara, saboda a ciki kullum tare da injiniyoyi za ka zauna, kuma za su ce maka wani zanen ba zai yi aiki a ƙaramar waya ba.

Wasu kamfanoni suna ba da ɗan aikin gwaji a yi a gida. Na 'yan awoyi ba matsala. Amma idan aka ɗora maka aikin mako guda cur kyauta, wanda kuma ka ga za su iya amfani da shi kai tsaye, ka tambaya cikin ladabi ko akwai biya kafin ka fara. Kafin ka sa hannu a takarda, ka tabbatar an rubuta albashi, wanda zai ba da kwamfuta, da kuɗin data da wuta idan daga gida za ka riƙa aiki.