Kurakuran da anka fi yi wajen haɗa anten na VLF a nan Yamai, da yadda ake gyara su

Ƴan uwa masu son harkar radiyo, duk wanda ya haɗa anten ɗinshi na VLF ya kunna bai ji komai ba sai ƙugi, dan Allah kar ya yi saurin kwance shi ya koma sayen wata waya. Mafi yawan lokaci anten ɗin lafiyarshi lau, wurin da anka aje shi ne matsalar, ko kuma kwamfutar da anka jona mashi.

VLF dai firikans ne daga 3 kHz zuwa 30 kHz, can ƙasa sosai da duk tashar da radiyon gida ke kamawa. Tsawon zangonshi daga kilomita 100 ne zuwa kilomita 10, misali a 20 kHz zango guda kilomita 15 ne cur. To daga nan kuskuren farko ke farawa, mutum ya saba da lissafin anten na FM ko gajeren zango inda ake yanka waya daidai da rubu'in zango, sai ya ɗauka tunda abin dogo ne to gara ya ja waya iya tsawon da ya samu, daga rufin gidansu zuwa iccen maƙwabta. Ko mita 100 ka ja ba ka kai ko'ina ba a wanga lissafi, kuma abin da za ka ƙaru da shi hayaniyar kuran ce ta unguwa baki ɗaya. Wajen saurare ba a neman tsawo. Zobe na waya mai mita 1 kowane gefe ko sanda mai mita 1 zuwa 2 ya isa ya kamo tashoshin Turai, in dai wurin shiru ne.

Maganar shirun nan ita ce uwar duka, kuma ita mutane sunka fi rainawa. Kuran namu 50 Hz ne, amma ba a 50 yake tsayawa ba, yana haifar da 100, 150, 250, 350 har can cikin kHz da dama, duk su jeru kan allon kwamfuta su rufe abin da kake nema. Ka ƙara da sarjar salula ta araha, ampul LED, telebijin, fanka mai caji, sannan babban maƙiyi wato ondilar da regilatar na panno da yanzu kusan kowane gida ke da su. Waɗannan na'urori yanka kuran suke sau dubbai cikin daƙiƙa guda, daidai cikin wurin da muke saurare. Neman tashar VLF cikin ɗaki mai ondilar daidai yake da sauraren raɗa a bakin injin niƙa. Wasu su ce to bari in jira a ɗauke wuta, eh ana samun ɗan sauƙi na mintoci kaɗan, amma kafin ka gyara zama maƙwabci ya tada gurup wani kuma ondilar ɗinshi ta ɗauka, wani lokaci ma abin ya fi da muni. Gyaran farko ka kashe komai na gidanku daga kontar, ka bar kwamfuta kan batir ɗinta kawai, sarjarta a cire daga bango gaba ɗaya, sannan ka riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya kana kallon allo har ka gane wane ne mai laifin. In hayaniyar ba ta gidanku ba ce sai fita. Ka ɗauki kayanka ka yi bayan gari, wajen Kollo ko Boubon, ka nemi gona da ke nesa da poto da wayoyin kuran aƙalla rabin kilomita, in ka samu kilomita 1 ko 2 ya fi. Ka lura da babban layin 132 kV da ya taso daga Birnin Kebbi ya biyo ta Dosso ya shigo Yamai, irin wanga layi ƙuginshi na kai nesa ƙwarai, ka yi mashi nisa.

Kuma dan Allah in ka je ƙauye ka fara gaida mai gona da mai gari ka yi masu bayani tukuna. A halin da ake ciki na tsaro, mutum zaune a daji da wayoyi da kwamfuta abin tambaya ne, kuma suna da gaskiya su tambaya. Ka tafi da kartarka, ka nuna masu allon, ka ba su su ji da kunnensu.

Sai zoben kanshi. Da yawa sun ɗauka yawan naɗi shi ne ƙarfi, sai mutum ya je wajen masu naɗin bobin ya sayo siririyar waya ya yi naɗi ɗari biyar kan ƙaramin katako. Abin da zobe ke kamowa ya danganta da yawan naɗi sau faɗin filin da ya zagaye, in ka ninka tsawon gefe sau biyu filin ya ninku sau huɗu, alhali wayar da ka ƙara ninki biyu ce kawai. Naɗi mai yawa kuma yana ƙara rezistans, sannan wayoyin da ke manne da juna suna zama kamar kondansatar da kansu, sai zoben ya daina amsa firikans na sama, wato daidai wurin da tashoshin suke. Firam na katako ko tiyo PVC mai mita 1 kowane gefe, naɗi 40 zuwa 60 na waya mai kaurin rabin milimita, wajen mita 200 kenan in naɗi 50 ne, wannan ya wadatar. A kasuwar Katako za ka samu katakon da tiyon. Kar ka yi firam da ƙarfe rufaffe zagaye, yana zama naɗi guda da anka haɗe bakinshi ya shanye siginal. In wayar mai vernis ce ka kankare bakin sosai kafin ka sa dalma, ana yawan zargin ampli alhali dalmar ce ba ta kama ba.

Zoben tsaye ake sa shi, kuma gefenshi ne ke nuna tasha, ba fuskarshi ba. In ka fuskanta shi ga tashar to ka sa ta a wurin da ya fi kurumta. Daga Yamai tashoshin Faransa, Jamus da Italiya duk arewa suke, ta Amurka kuwa arewa maso yamma. Wanga kurumtar ma makami ce, ka juya zoben a hankali har fuskarshi ta kalli inda ƙugi ke fitowa, za ka ga layukan sun dushe. Ka nisanta shi da kwamfutar mita 5 ko fiye, da kabul mai sulke ko waya biyu murɗaɗɗu.

Mai anten sanda kuma nashi kuskuren daban, ya jona sandar kai tsaye ga ramin makirfo. Ba za ta yi ba, sai da ɗan ampli mai transisto JFET a gindinta, kuma a fili, don icce da bango suna shanye mata siginal. Tana kuma son ƙasa mai kyau, mu kuwa rairayi ne busasshe watanni da yawa cikin shekara, ƙusa guda a yashi ba ta yin komai. Ka kafa rodi mai tsawo ka zuba ruwa a gindin, ko ka nemi wuri mai danshi kusa da fadama.

Kwamfuta na cin mutane ba su sani ba. Kart son, wato sashen sauti na kwamfuta da siginal ɗin anten ke shiga ta cikinshi, ba ya nuna abin da ya wuce rabin saurin da yake ɗaukar sauti, in 44.1 kHz ka sa to 22 ne iyakarka, in 48 ne 24. Tashar DHO38 ta Jamus tana 23.4 kHz, NAA ta Cutler a Amurka tana 24.0 kHz, wato bakin ganga, sai ka sa 96 kHz in kart ɗinka na iyawa. Ka shiga saitin makirfo ka kashe duk wani abu na rage hayaniya ko gyaran murya, domin shi a wurinshi duk abin da muke nema hayaniya ce. Ka aje rikodin a WAV, MP3 na datse sama, saƙon murya na WhatsApp kuwa ba abin da zai rage maka. Spectrum Lab, program ɗin da ke zana siginal kan allo, kyauta ne kuma shi anka fi amfani da shi. Sannan kar ka kashe kuɗinka kan ƴar kile ɗin nan ta kama radiyo a kwamfuta, RTL-SDR, da niyyar VLF, ita daga wajen 24 MHz take farawa, ko da dabarar da ake mata ba ta sauka inda muke.

Akwai kuma kuskuren tsammani, kuma shi ke karya gwiwa. Ba murya ba kiɗa a nan. Manyan tashoshin na sojan ruwa ne, suna aika saƙo a rufe ga jiragen ƙarƙashin teku tunda VLF na ratsa ruwan gishiri ƴan mitoci, abin da za ka gani layi ne mai ɗan kauri a tsaye kan allo, shi kenan, kuma ganinshi nasara ce. Wadda ake iya karantawa ita ce SAQ ta Grimeton a Suwidin kan 17.2 kHz, injin Alexanderson ne na 1924 da ke juyi yana haifar da siginal, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2004. Da Morse take magana kuma sau ƙalilan a shekara, kamar ranar Alexanderson wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli da safiyar 24 ga Disamba. Tsakaninmu da ita kusan kilomita 5,000 ne, ta Yuli na faɗowa tsakiyar damina lokacin da walƙiya ta cika sama, don haka ta Disamba ta fi mana. Lokacin da suke sanarwa UTC ne, wato agogon duniya, ka ƙara awa guda ka samu namu, mutane na rasa ta kan wanga ƙaramin abu.

Walƙiyar ita ce abin da muke da shi fiye da Turawa. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji kowane guda tsawa ce ta faɗi wani wuri, wata a dubban kilomita, da dare kuma za ka ji wasu na ƙarewa da ɗan "tuwik" wajen 1.7 kHz saboda sun yi ta karo tsakanin ƙasa da sama kafin su iso. Amma dogon fiton nan mai saukowa da ake ji a rikodin na intanet, yankunan da ke nesa da ekwato ne ke samunshi, mu muna kusa da ita, kar rashinshi ya sa ka ce kayanka sun lalace. In kana da haƙuri ka bar kwamfuta ta auna ƙarfin tasha guda awa 24, za ka ga faɗuwar rana da fitowarta a zane, ranar da rana ta yi aman wuta kuma layin ya yi tsalle da tsakar rana.

Damina da hunturu kowane da hatsarinshi. Iskar ƙura busasshiya na tara caji kan waya har ta ƙone JFET ko kart son, ka sa rezistans babba kamar 10 megohm daga sanda zuwa ƙasa da diyod biyu kai da ƙafa a bakin shiga. Tsawa kuwa ba diyod da ke tare ta, da hadari ya haɗo ka cire kabul ka kwantar da sanda ka bar fili, kar ka tsaya da ekutar a kunne kana cewa saura kaɗan.

Masu gaggawar aika nasu siginal, ku dakata. A 8.27 kHz inda ƴan koyo na Turai, wato masu radiyon sha'awa, ke gwaji rubu'in zango ya kai kilomita 9, suna zuba daruruwan watt abin da ke fita sama ɗan ƙalilan ne ƙwarai, mai karɓa kuma sai kwamfuta ta tara siginal na awoyi kafin ya bayyana. Bobin ɗinsu na ɗaukar dubban volt, yana kisa. Ko 135.7 zuwa 137.8 kHz da taron duniya kan radiyo na 2007 ya ware ma ƴan koyo, sai da lasisi da lambar kira, tamu ta Nijar da 5U take farawa, kuma ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa, ake tambaya kafin a kunna komai. In hannunka na ƙaiƙayi ka fara da gwajin ƙasa bayan ka tambaya, rodi biyu tazarar mita 20 ko 30, ƙaramin ampli na mota kan batir yana tura sauti guda, abokinka da nashi rodi biyu yana matsawa nesa kuna rubuta inda ya ɓace. Batir kawai, kar wayar ta kusanci piriz na bango, kuma a hana yara da dabbobi zuwa wurin rodin muddin ampli na kunne.