Darasi na Shida: Abincin Tarwada da Garkuwar Jikinta

Mai kiwon kifi a Gombe, ko a bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa yake ko tankin siminti ya gina a bayan gida, abin da ya fi cin kuɗinsa shi ne abinci. Da yawa kuma sukan duba abu ɗaya a jikin buhu: furotin kashi nawa ne. Wannan bai isa ba. Furotin kamar gini ne, tubalansa su ne ake kira amino asid. Guda 10 daga cikinsu jikin kifi ba ya iya ƙera su, dole sai ya ci a abinci. Idan ɗaya ya gaza, sauran ba sa cika gurbinsa.

Shafa bayan tarwada mai lafiya, za ka ji santsi yana zame maka a hannu. Wannan yauƙin shi ne katangar farko da ke tare ƙwayoyin cuta, akwai irinsa kuma a cikin hanji, ana gina shi da amino asid mai suna tiriyonin. Idan ƙwayar cuta ta keta katangar, fararen ƙwayoyin jini ne ke tarar ta, suna amfani da wani amino asid mai suna ajinin su haɗa wani sinadari da ke kashe ta. Wurin da ake wannan faɗa yakan yi ja ya kumbura. Kumburi ba cuta ba ne a karan kansa, yaƙi ne jiki yake yi. Illar tana zuwa ne idan ya ƙi lafawa, ya koma cin naman kifin. Nan wani amino asid mai suna metiyonin ke shigowa, domin daga gare shi jiki ke samun abin da yake kwantar da wannan ɓarna. Kifin da abincinsa ya gaza a waɗannan, ƙaramin ƙarzanewa a lokacin tantance girma sai ya zama gyambo.

Amino asid biyu ne suka fi yawan gazawa a haɗin gida: laisin da metiyonin. Masara ba ta da laisin sosai. Waken suya yana da laisin amma metiyoninsa kaɗan ne. Ƙuli-ƙuli yana da ajinin da yawa, amma ya gaza a waɗancan biyun. Garin kifi ne ya fi kusa da cika duka, shi ya sa yake da tsada, kuma bai kamata a cire shi gaba ɗaya don neman sauƙi ba.

Ga lissafin. Ƙananan 'ya'yan tarwada suna son furotin kusan kashi 45 cikin 100, masu tasowa kashi 35 zuwa 40. Laisin ya kamata ya kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na furotin ɗin. Ke nan a kilo 100 na abinci mai kashi 40, furotin kilo 40 ne, laisin da ake bukata kilo 2. Mafi yawansa daga garin kifi da waken suya zai fito. Ragowar ake cikewa da garin laisin da na metiyonin da ake sayarwa a shagunan kayan abincin kaji. Kada ka juye shi kai tsaye cikin tulin gari. Fara cakuɗa shi da mudu ɗaya, wannan ka zuba cikin mudu biyar, sannan cikin sauran. Ka ɗaure haɗin da kullun rogo a murza shi ƙwaya-ƙwaya, don garin yana narkewa a ruwa tun kifi bai haɗiya ba.

Waken suya yana bukatar kulawa ta musamman. Ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana narkar da furotin, yana kuma iya kumbura hanji. Sai ka ga kifi yana ci amma ba ya girma. A dafa shi ko a soya har warin ɗanye ya tafi, launinsa ya ɗan yi ruwan ƙasa. Idan ya yi baƙi, wuta ta cinye laisin ɗin, an yi asara sau biyu. Tunkuzar angurya kuwa, duk da arharta a ƙasar auduga irin tamu, tana da wani guba da ke riƙe laisin, don haka a sa kaɗan. Ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a zubar da shi kawai, yana lalata hanta yana karya garkuwar jiki.

Wuce gona da iri ma matsala ne. Furotin da jiki bai yi amfani da shi ba wani guba mai suna amoniya yake komawa a cikin ruwa, ita kuma tana ƙona wurin numfashin kifi. A zafin Maris da Afrilu abin ya fi muni. A watsa abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, da safe da yamma. Lokacin hunturu cinsu yana raguwa, sai a rage awo. Idan gyambo ya riga ya yaɗu a tanki, gyaran abinci kaɗai ba zai warkar ba: a ware marasa lafiya, a canza ruwa, a kira malamin dabbobi.