Yadda nake dakon kusufin tauraro a bayan garin Daura

Madubin hangen nesan da nake da shi, mai faɗin santimita 20, ba zai taɓa nuna mini Quaoar ba. Curin dutse ne da ƙanƙara can gaba da Neptune, nisansa daga rana ya ninka namu fiye da sau 40. Amma idan ya gifta ta gaban wani tauraro, sai tauraron ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Wannan ɗaukewar nake kira kusufin tauraro, ita nake fita dako da dare. Ta haka aka gano zobban Uranus a 1977, aka tabbatar Pluto na da iska a 1988, aka gano zoben Haumea, wani curin da ke gaba da Neptune, a 2017.

Ka fara da hasashe. Masu aikin Lucky Star, wani shirin masana taurari, suna fitar da taswirar inda inuwar dutsen za ta ratsa a doron ƙasa, bisa ma'aunin taurari na kumbon Gaia. Daura na wajen digiri 13 arewa, 8 gabas. Ka duba ko layin ya biyo ta kanmu, kuma ko tauraron yana da hasken da madubinka zai kama. A agogon UT, wato lokacin Greenwich, suke rubuta lokaci, namu yana gaba da awa ɗaya. A nan na taɓa yin asara: na ga 23:40, na ƙara awa, kwanan wata ya juya, na ɗauka daren sabon kwanan ne, na fita daren da ke biye. Har yau abin na ci mini rai.

Oktoba da Nuwamba sun fi daɗin aiki, damina ta ɗauke, hazon hunturu bai sauko ba. Nakan bi hanyar Sandamu har hasken gari ya koma bayana. Tun da rana nake zuwa in gai da mai unguwa in ce, "Ranka ya daɗe, yau za a gan ni da na'ura a bakin gona." Kada ka tsallake wannan.

Nemo tauraron shi ne wahalar. Ba ya ganuwa da ido, yana cikin ɗaruruwa masu kama da shi. Ka neme shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka haddace yadda maƙwabtansa suka jeru. Ran aiki ka kafa kaya awa biyu kafin lokaci, da batir cike da caji.

Sai maganar agogo, wadda ita ce aikin gaba ɗaya. Inuwar tana gudun kimanin kilomita 20 zuwa 25 a daƙiƙa, mafi yawansa saboda tafiyar duniyarmu ne a kewayen rana. Faɗin Quaoar kusan kilomita 1,100 ne, ka ga ko ta tsakiyarsa ka dace, da wuya kusufin ya kai minti guda. Kuskuren daƙiƙa ɗaya ya zama kuskuren kilomita 20 ke nan. Saboda haka agogon waya ko na kwamfuta bai wadatar ba. Sai kamarar bidiyo da ke buga lokacin GPS a kan kowane hoto. Ni da manhajar SharpCap nake ɗauka, minti biyar kafin lokacin da biyar bayansa, ba na taɓa madubin ko na tsaya kusa da ƙafafunsa. Zobe ko ƙaramin wata da ke kewaya dutsen na iya ƙyafta tauraron a waɗannan mintoci.

Da safe sai in sa bidiyon a manhajar Tangra in fitar da ma'aunin hasken. Tsawon ɗaukewar sau gudun inuwa, shi ne faɗin da ka yanko a jikin dutsen. Mutum ɗaya layi ɗaya yake samu. Sai an haɗa na mutane da yawa siffar take fitowa. Haka aka yi a Senegal a watan Agustan 2018, inda aka jera madubai don Arrokoth, wani curin gaba da Neptune mai tsawon kilomita 36 kacal, kafin kumbon New Horizons ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Janairun 2019.

Idan tauraron bai ɗauke ba, ka aika rahoton duk da haka, ga Lucky Star ko ƙungiyar IOTA ta masu auna lokacin kusufin taurari, da lambobin GPS na wurin da ka tsaya. Rashin ɗaukewar a Daura yana nuna musu iyakar da gefen dutsen bai ƙetare ba. Kafin babban kusufi irin na Quaoar ya zo, ka saba hannu da duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupiter, su kusufinsu ya fi yawan faɗowa a kanmu.