Yadda zaka haɗa zanen baƙi da fari da zai riƙa yi wa ido motsi

Ƴan uwa masu dizain a Gombe, kullum dai katin biki ne da fosta mai kala goma, to ga wani aiki da baƙi da fari kawai yake so, kuma wallahi yafi ɗaukar ido.

Ka buɗe CorelDraw, in baka dashi Inkscape kyauta ne. Zana ɗan akwati mai kusurwa huɗu, milimita 20 tsawo 20 faɗi, ka cika shi da baƙi. Danna Ctrl da D ya kwafo maka, ka jera su baƙi fari baƙi fari har layin ya kai ƙarshe, layi na biyu kuma ka fara da fari. Ka kunna sinaf ɗin nan da yake manne abu da abu, dan in ka biye wa hannunka sai ka ga ƴar ɓaraka tsakaninsu.

To anan mutane da yawa suke tsayawa, shi yasa aikin yake fitowa lami. Maimaici kaɗai baya motsi. Tsawon akwatunan ka barshi yadda yake, faɗin zaka riƙa ragewa kaɗan kaɗan, 20, 18, 16, haka har ka sauko 2, sannan ka sake ƙarawa a ɗaya gefen. Ja da baya ka kalla, sai ka ga kamar fejin ya lotsa ciki a wajen da suka matse alhali shimfiɗe yake. Haka Bridget Riley ƴar Ingila tayi a 1961 a zanenta Movement in Squares, ita da hannu ma tayi da fenti, kai kuwa kana da Ctrl da Z mai goge kuskure ya mayar da kai baya. Salon ana ce masa Op Art, ya tashi sosai bayan wani baje koli a Niyok a 1965.

Abu ɗaya zaka canza a lokaci guda, ko faɗi, ko kauri, ko juyi. Ka duba mai ɗinkin hular zanna, fure ɗaya yake zagaye hular dashi baya cusa komai da komai. In dagin Arewa kake so shi ma hanyar ɗaya ce, ka juya kowanne da digiri 5 fiye da na bayansa.

Wajen firintin kuma ka zaɓi CMYK, wato kaloli huɗun da injin firintin yake haɗawa, K ɗin shine baƙi, ka sa shi 100, sauran kaloli ukun sifiri, in ba haka ba siraran layuka suna iya fitowa da dishi dishi a gefe. Ka ajiye shi PDF ko SVG dan ko a ƙatuwar bana ta talla za'a buga bazai fashe ba. Kuma dan Allah kar ka tura wa mai firintin a matsayin hoto ta WhatsApp, matse shi yake yi, ka tura ta dokumen.